Suna, Masauki da Hanya: Wa Ke Riƙe da Makullan Intanet a Nijar?

Ranar Laraba 24 ga watan Fabrairun 2021, kwana ɗaya bayan da hukumar zaɓe mai zaman kanta, CENI, ta bayyana Mohamed Bazoum a matsayin wanda ya lashe zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, ƴan Nijar sun tarar da wayoyinsu na hannu sun kurumce. Kira yana shiga, amma saƙon murya ba ya fita, hoto ba ya sauka, takarda ba ta tafiya. Tarzomar da aka kafa hujja da ita ta fi ƙamari ne a unguwannin Yamai, amma hukuncin ya faɗa kan ƙasa baki ɗaya, har da ƙauyukan ƙaramar hukumar Bazaga ta gundumar Ƙonni, masu nisan ɗaruruwan kilomita daga fadar gwamnati. Sai ranar 5 ga Maris aka maido da intanet ta salula. Kwana goma cur ke nan dillalin albasa bai ga farashin Abijan ba, tsohuwar da ɗanta ke ci-rani a Libiya ba ta ji muryarsa ba, ma'aikacin asibitin karkara kuma ya rasa ta inda zai aika rahotonsa zuwa Tawa. Wa ya lissafa wannan asara, wa kuma ya biya ta?

Abin da ya sa wannan jarida ta waiwayi maganar a yau shi ne kalmar da ta cika bakin mahukunta tun daga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wato diyauci. An yi maganar diyaucin ƙasa a kan yuraniyom, a kan man fetur, a kan sansanonin sojan waje. Akwai kuma wani diyauci da ba a ganin iyakarsa a taswira, alhali kuwa cinikin ɗan kasuwa da aikin ma'aikaci sun rataya a kansa. Duk wanda ya buɗe shafi a intanet, ko kamfani ne, ko ƙungiyar manoma, ko ofishin gwamnati, ko jarida, yana bukatar abu uku: sunan da za a neme shi da shi, masaukin da za a ajiye kayansa, da hanyar da jama'a za su bi su iso gare shi. Kowanne daga cikinsu yana da makulli, kuma ya kamata mai karatu ya san hannun da kowane makulli yake.

Suna

Tsofaffin ƴan kasuwa ba su manta da akwatin gidan waya ba. Mutum ya biya kuɗin shekara, a ba shi lamba da makulli, ya buga lambar a kan takardun cinikinsa. Ranar da ya daina biya, a ba wani akwatin. Haka sunan shafi yake. Ba sayensa ake yi ba, hayarsa ake yi, daga shekara ɗaya zuwa goma, kuma ƙa'idarsa ita ce wanda ya riga zuwa shi ke ɗauka. Kowane suna yana da wutsiya. Wasu wutsiyoyin na kowa da kowa ne, irin su .com da .org da .net, wasu kuma na ƙasashe ne, harufa bibbiyu:.ng ta Najeriya, .bf ta Burkina Faso, .ml ta Mali, .ne ta Nijar. Babban kundin da ya tattara su duka yana ƙarƙashin kulawar ƙungiyar ICANN, wadda aka kafa a 1998 a jihar Kaliforniya ta Amurka.

An yi rajistar .ne a 1996, shekarar da Ibrahim Bare Mainasara ya kifar da Jamhuriya ta Uku. Kamfanin SONITEL ne ya daɗe yana riƙe da ita, kamfanin da aka sayar da mafi yawan hannun jarinsa ga ƴan kasuwar Sin da Libiya a 2001, gwamnati ta karɓe shi daga baya, sa'an nan aka haɗe shi da SahelCom a 2016 aka samu Niger Telecom. Bayan shekaru masu yawa, duk wanda ya duba zai ga cewa ma'aikatun gwamnati da ƴan hukumomi ne suka fi amfani da wutsiyar ƙasa. Sanannun jaridun intanet na ƙasar nan, irin su ActuNiger da Tamtaminfo, a .com suke. Ita kanta Le Sahel, jaridar gwamnati, a .org ta kafa shafinta. Idan mai gida bai ci tuwon gidansa ba, da wane baki zai tallata shi ga baƙo?

Wani zai ce harufa biyu ba abin tada jijiyar wuya ba ne. To, tsibirin Angila, wanda jama'arsa ba su kai ta wata ƙaramar hukuma ta jahar Tawa ba, ya samu kimanin dalar Amurka miliyan 32 a 2023 daga hayar wutsiyarsa ta .ai. Ita kuwa Mali ta damƙa .ml ga wani ɗan kasuwar Holan har shekara goma, ana raba sunaye kyauta ga duk wanda ya nema, har da ƴan damfara, sai a 2023 ta karɓi abinta. A wannan shekarar ce duniya ta ji cewa dubban saƙonnin da aka nufi sojan Amurka da su, masu wutsiyar .mil, sun yi ta faɗawa cikin .ml saboda kuskuren harafi ɗaya. Najeriya ta ɗauki wata hanya dabam: a 2005 aka kafa ƙungiyar NiRA, wadda ta haɗa masu sana'ar da masu amfani da ita, aka ba ta riƙon .ng, kuma kamfanoni da dama ke yin rajista a ƙarƙashinta, ana biya da naira.

Mutanen gundumomin Ƙonni da Malbaza ba su bukatar a yi masu dogon bayani game da satar suna, domin sun taɓa ɗanɗana ta. A shekarun 2000 wani kamfanin iri mai mazauni a Senegal ya nemi ƙungiyar OAPI da ke Yawunde ta ba shi kariyar mallaka a kan irin albasar Galmi, albasar da manoman wannan yanki suka gada kaka da kakanni. Sai da ƙungiyoyin manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye kafin a hana, daga bisani kuma aka yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasarsu. Abin da aka so yi wa albasa a Yawunde, ana iya yi wa sunan kowane gari, kowace kasuwa, kowane kamfani a intanet, cikin minti biyar, da kuɗin da bai kai na buhun gero ba. Ranar da ƙungiyar manoman wani gari za ta farka ta ce tana son shafi da sunan garinta, tana iya tarar da wani a Turai ko a Asiya ya riga ta, yana jiran ta zo ta fanshi sunanta da tsada.

Akwai wani tarko da ya fi wannan kusa. Rajistar suna a waje tana son katin banki mai biya da dala ko yuro, abin da yawancin ƴan kasuwar karkara ba su da shi. Sai a nemi wani yaro mai ilimin kwamfuta ya yi aikin, shi kuwa ya rubuta sunansa da adireshinsa a gurbin mai mallaka. Muddin ana shiri, lafiya lau. Ranar da aka saɓa, ko yaron ya yi tafiya, ko ya manta da biyan kuɗin shekara, Alhaji zai gane cewa shagon da ya yi shekaru yana tallatawa, takardar filinsa ba da sunansa take ba.

Masauki

Fataken goro da na shanu sun san darajar mai masauki. Shi ke saukar da baƙo, ya ajiye kayansa a mangaza, ya tsare su dare da rana, ya haɗa shi da masu saye. Shafin intanet ma dole ya sauka a gidan wani, wato a cikin wata babbar kwamfuta da ba ta barci, mai wutar lantarkin da ba ta yankewa, mai sanyi, mai tsaro. Irin waɗannan gidaje sun fi yawa a Faransa da Jamus da Amurka, kuma can ne akasarin shafukan ƴan Nijar suka sauka. Ma'anar wannan ita ce, malamin makaranta a Illela da ke neman wata takarda a shafin da aka rubuta a Yamai, sai tambayarsa ta ƙetare teku ta dawo, ana biyan kuɗin hanya zuwa da komowa.

Haɗarin masaukin nesa ba zato ba ne. Ranar 10 ga Maris 2021, kwana biyar kacal bayan an maido wa Nijar intanet, gobara ta cinye wani rumbun kamfanin OVH a birnin Istirasbur na Faransa, miliyoyin shafuka suka ɗauke, kuma waɗanda ba su ajiye kwafin kayansu a wani wuri ba suka rasa su har abada. A watan Yunin wannan shekarar, hukumomin Amurka suka ƙwace sunayen shafuka fiye da 30 na kafofin labarai masu alaƙa da Iran, ciki har da na tashar Press TV, domin kamfanin da ke riƙe da kundin .com da .net yana ƙarƙashin dokar Amurka. Tashar sai ta koma wutsiyar ƙasarta, .ir. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, wasu kamfanonin rajista sun sallami abokan cinikinsu na Rasha, ko da yake ICANN ta ƙi amsa kiran da aka yi mata na soke .ru. Ƙasar da ta ga an rufe mata iyakoki, an ɗaure kuɗinta a babban bankin yanki, an yanke mata wutar lantarki daga Najeriya a watan Agustan 2023, ba ta da uzurin cewa ba ta san illar ajiya a gidan wani ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ma'aikatan gwamnati su ne shaidu a kan wani abin kunya da ya zama ruwan dare: takardun aiki, jerin albashi, sakamakon jarrabawa, har da rahotannin da aka buga wa hatimin sirri, suna yawo ta Gmail da Yahoo da WhatsApp, cikin wayoyin da ake sayarwa a kasuwa in sun tsufa. Ofishi yana da tuta a ƙofa, amma akwatin wasiƙunsa yana wata nahiya. Ranar da aka canza wa ma'aikaci wurin aiki, takardun shekara biyar sun bi shi cikin aljihu.

Saboda haka mahukunta suna da gaskiya idan suka ce a dawo da kaya gida. Shirin shimfiɗa zaren sadarwa mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya zuba wa kuɗi, ya ƙunshi fiye da kilomita 1,000 a cikin Nijar zuwa iyakokin Aljeriya da Cadi da Najeriya da Benin da Burkina Faso, tare da rumbun adana bayanai na ƙasa. Amfanin yawaita ƙofofi ya fito fili ranar 14 ga Maris 2024, sa'ad da manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka katse daura da gaɓar Kodebuwa, intanet ta raunana a ƙasashen yammacin Afirka da dama, har da Nijar da ba ta da teku. Sai dai gina mangaza abu ɗaya ne, samun masu ajiya abu ne dabam. Falke ba ya sauka a gidan da ya san mai gidan yana iya garƙame ƙofa da kayansa a ciki, ba sammaci, ba alƙali. A nan ne maganar masauki ta haɗu da maganar hanya.

Hanya

Rufe intanet ba ya bukatar soja ko igwa. Kamfanonin salula huɗu ne a ƙasar nan, Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom, kowannensu yana aiki da lasisin da hukuma ta ba shi, kuma tana iya janyewa. Umarni ɗaya ya isa. Ana iya rufe komai, ana iya toshe wasu dandali kawai irin su Facebook da WhatsApp, ana iya kuma rage gudun intanet har ta zama ba ta da amfani, a ce matsalar na'ura ce. Shigowar Starlink, wanda ya samu izini a 2024 ya fara aiki a 2025, ta ƙara ƙofa ɗaya ta sama, amma ita ma da lasisin hukuma take tafiya, makullinta na biyu kuwa yana hannun wani kamfanin Amurka.

Hujjar masu rufewa sananna ce, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Ƙarya tana gudu a waya fiye da wutar daji. Hoton gawar da aka ɗauka a wata ƙasa shekaru da suka wuce yana iya tada gari cikin awa ɗaya. Ƴan bindigar da suka addabi iyakar Tawa da Sakkwato, da waɗanda ake kira Lakurawa, da masu satar mutane don kuɗin fansa, duk da waya suke aiki. Gwamnatin da ta ga ana ƙona gidaje tana da nauyin kashe wutar. Tambayar ita ce ko maganin yana warkarwa, kuma amsar tana nan kusa, a ƙetaren iyaka.

A watan Satumban 2021 hukumar sadarwa ta Najeriya ta rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, aka bi da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, da 14 na Sakkwato, da nufin yanke wa ƴan bindiga sadarwa da masu kai masu rahoto. Ba a yi wata guda da rufewar Sakkwato ba, a watan Oktoba, maharan suka faɗa kasuwar Goronyo suka kashe mutane fiye da 40. A garuruwan kan iyaka kuwa, an ba da labarin yadda ɓarayin suka koma amfani da layukan Nijar, suna kiran iyalan waɗanda suka sace, alhali talakan da aka kewaye ƙauyensa ba ya da ta inda zai kira jami'an tsaro. Mai laifi yana da babur da kuɗi da dabarar neman wata hanya. Wanda ke zaune cikin duhu shi ne mai gaskiya. Mutanen Ƙonni, da ke kallon Illelar Najeriya daga bakin garinsu, sun ga wannan da idonsu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ita ma jita-jita ba ta mutuwa don an rufe waya. Takan koma tasha da majalisar shayi da bakin kasuwa, inda ba mai iya ƙaryata ta da hoto ko da sanarwa. Gwamnatin da ta rufe intanet ta toshe bakinta da kanta, domin ta wannan hanyar ce sanarwarta ke isa ga matasa. Cadi ta toshe dandalin sada zumunta wata 16, daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019. Kamaru ta rufe yankunanta biyu masu amfani da Ingilishi wata uku a 2017. Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A cikinsu babu wadda rikicinta ya ƙare saboda rufewar. Abin da aka samu shi ne ƴan ƙasa sun koyi bin ɓarauniyar hanya, ministoci ma da ita suke leƙawa.

Shari'a kuma ta yi magana. A watan Yunin 2020 kotun CEDEAO ta yanke hukuncin cewa rufe intanet da Togo ta yi a 2017 ya saɓa wa doka, a Yulin 2022 kuma ta faɗi haka game da dakatar da Twitter a Najeriya. Gaskiya ne Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025, ƙofar wannan kotu ta rufe ga ƴan ƙasar. Amma Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi tana nan, sashenta na 9 ya tabbatar wa kowa haƙƙin samun labari, kuma sanarwar da hukumar yarjejeniyar ta amince da ita a 2019 ta hana gwamnatoci katse wa jama'a intanet. Ficewa daga ƙungiya ba ta sauke nauyi, sai ma ƙara shi, domin yanzu alƙalin gida ne kaɗai ya rage wa talaka.

Doka mai tafiya da baya

Waɗanda suka ga babban taron ƙasa na 1991 sun san cewa ƴancin faɗin albarkacin baki ba kyauta aka ba ƴan Nijar shi ba. Sun tuna da fitowar Haske a 1990 da Le Républicain a 1991, sun kuma tuna da yadda aka rufe gidan rediyon Anfani a lokacin zaɓen Yulin 1996, aka kuma farfasa kayansa a 1997. A 2010 aka soke ɗaurin ƴan jarida saboda laifin alƙalami. Sai ga dokar yaƙi da laifukan intanet ta Yulin 2019 ta dawo da gidan kaso ta taga: da ita aka tsare ƴar jarida Samira Sabou a watan Yunin 2020 saboda rubutun da ta yi a Facebook, ta yi fiye da wata guda a tsare kafin kotu ta sallame ta. A 2020 aka ƙara da dokar da ta halatta sauraren sadarwar jama'a. A 2022 aka cire ɗauri daga laifin ɓata suna da zagi ta intanet. A watan Yunin 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan dokar da ta maido da shi, shekara ɗaya zuwa uku, da shekara biyu zuwa biyar ga wanda ya yaɗa abin da aka ce yana iya dagula zaman lafiya. An dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, aka dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024.

Abin lura a wannan jeri shi ne farar hula da soja duk sun sa hannu a ciki. Waɗanda suka rufe intanet a 2021 su ne suka koma neman ta ruwa a jallo a 2023 don duniya ta ji kukansu, kuma dokar da suka rubuta a 2019 ita ce aka wasa aka juyo da ita kansu. Duk mai riƙe da makulli a yau ya tuna cewa makulli ba ya sanin mai shi.

Ga kuma inda lissafin diyauci ya karkace. Ba ƙiyayyar ƙasa ce ta kai masu jaridu da ƴan kasuwa .com da masaukin Turai ba. Sun auna haɗari biyu ne, na baƙo mai nisa da na ɗan gida mai iko, suka ga na biyun ya fi kusa da wuyansu. Muddin kalmar dagula zaman lafiya tana da faɗin da kowa zai iya faɗawa cikinta, muddin kuma umarnin baki ya isa a rufe ƙasa, to rumbun bayanai na ƙasa zai cika da takardun ma'aikatu kawai, kuɗin hayar sauran kuwa su ci gaba da tafiya waje.

Abin da ya kamata

Na farko, a rubuta doka ƙarara da ta hana rufe intanet a ƙasa ko a jaha baki ɗaya. In akwai shafi ko lambar da ke kiran a zubar da jini, a kai ta gaban alƙali, a rubuta hukunci, a faɗi dalili da wa'adi, a kuma bar wa wanda abin ya shafa damar ɗaukaka ƙara. Hukumar ARCEP, wadda aka kafa don ta tsaya tsakanin kamfanoni da masu amfani da waya, ta wajabta wa kamfanonin su riƙa bayyana duk umarnin toshewa da suka samu, su kuma maida wa mutane kuɗin da suka saya ba su ci moriyarsa ba.

Na biyu, a ɗauki .ne a matsayin dukiyar al'umma kamar kogi da burtali. A damƙa riƙonta ga majalisar da ta haɗa gwamnati da jami'o'i da ƴan kasuwa da masu sana'ar kwamfuta, a buga ƙa'idojinta da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, a sauƙaƙa kuɗinta, a bari a biya da sefa ta wayar hannu daga Bazaga ko Badagishiri ba sai an taka zuwa Yamai ba. A keɓe sunayen jahohi da gundumomi da ƙananan hukumomi da kayan gado irin albasar Galmi, kada wani ya riga masu su. Kuma a rubuta cewa ba a ƙwace sunan kowa sai da hukuncin kotu.

Na uku, gwamnati ta fara da kanta. Kowane ofishi, daga fadar gwamnan Tawa har zuwa ofishin ƙaramar hukuma, ya samu adireshin aiki mai wutsiyar ƙasa, a daina aika takardun hukuma ta akwatin kowa da kowa. Rumbun bayanai kuma a ba shi wutar da ba ta dogara da layi ɗaya ba. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, wadda ta fara aiki a 2018, ta nuna cewa ranar da ke ƙona gero tana iya tada na'ura.

Na huɗu ya shafi ƴan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyi, kuma ba ya jiran kowace gwamnati. Wanda yake da shafi ya nemi a nuna masa takardar rajista, ya tabbatar sunansa ko na kamfaninsa ne a gurbin mai mallaka. Ya riƙe kalmar sirri da kansa, ya rubuta ranar ƙarewar haya kamar yadda yake rubuta ranar biyan bashin banki. Ya yi rajistar sunansa a .ne da .com duka biyu in yana da hali, ya ajiye kwafin kayansa a wuri na biyu. Wanda kuma cinikinsa duka ke cikin WhatsApp ko Facebook ya sani cewa rumfa ce ya kafa a filin wani. Ya kwafe lambobin abokan cinikinsa da lissafin bashinsa a littafi, domin littafi ba ya jiran umarnin minista kafin ya buɗu.

A 2019 Najeriya ta rufe iyakarta fiye da shekara guda, a 2023 kuma takunkumi ya sake rufe ta har zuwa Maris 2024. Mutanen Ƙonni da Bazaga da Malbaza sun ga manyan motoci jere a bakin hanya, albasa tana ruɓewa a cikin buhu, kuma kowa ya kira abin da sunansa, zalunci. Rufe intanet rufe iyaka ne, sai dai wannan karo a ƙofar kowane gida ake kafa shingen, kuma hannun gida ne ke kafa shi. Ƙasar da ta ƙi yarda baƙo ya yi mata haka, bai dace ta yi wa ƴaƴanta ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kunne ya ji, jiki ya tsira.